Wutar da Ba Ta Mutuwa: Sharhi Kan Wasu Kalmomin Turanci



Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamus na Turanci yana neman yadda zai ce abu ya daɗe bai lalace ba, ya san irin ruɗanin da ake faɗawa. Ga eternal, ga everlasting, ga perennial, ga permanent, ga perpetual, ga indelible, ga kuma unquenchable. Ɗalibi mai shirin jarrabawar shiga jami'a sai ya haddace su a jere, ya ɗauka duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Mai fassara labarai a gidan rediyo kuwa, da ya ga lokaci ya ƙure masa, sai ya mayar da su duka "na har abada", ya miƙa wa mai karantawa. To ba abu ɗaya suke faɗa ba. Kowacce da irin ƙarshen da take musantawa: wannan ta ce abin ba ya gogewa, waccan ta ce ba ya koɗewa, wata ta ce ba ya tsayawa, wata ta ce ba a iya kashe shi. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, babu ɗaya a cikinsu da ke gaya maka ko abin da ya ƙi ƙarewar alheri ne ko masifa. Wannan tambaya mai sauraro ne zai yi ta da kansa, kuma akwai mutanen da suka rasa rayukansu saboda ba a yi ta da wuri ba.

Mu fara da manyan biyun. Eternal daga Latin ta fito, everlasting kuwa 'yar gida ce, Turawan Ingila suka haɗa ta daga kalmominsu na yau da kullum. A bakin jama'a ana musanya su, amma masana falsafa a Turai sun daɗe da raba su, tun zamanin wani malami mai suna Boethius a ƙarni na 6. A wurinsu, abin da ya kasance eternal ba shi da farko ba shi da ƙarshe, lokaci ma bai shafe shi ba. Everlasting kuwa yana iya samun ranar farawa, ranar ƙarewa ce ba shi da ita. Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya yi karatun tauhidi ba zai ji wannan baƙo ba, domin shi ne bambancin da ake koya mana tsakanin azal da abada. A gaskiyar magana, Allah kaɗai ya cancanci ta farkon. Duk inda ka ji an jingina ta ga wani abu na duniya, aro aka yi.

Ga misalin aron. A birnin Paris, ƙarƙashin babbar ƙofar nan ta tunawa da yaƙe-yaƙen Faransa, akwai kabarin wani soja da ba a san sunansa ba, cikin waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A kan kabarin akwai wuta da Turawan Ingila ke kira eternal flame. An kunna ta ranar 11 ga Nuwamba, 1923, kuma tana ci har yau, ba ta mutu ba ko a shekarun da sojojin Jamus suka mamaye birnin. Me ya riƙe ta? Mutane. Kullum da ƙarfe shida da rabi na yamma, tsofaffin sojoji da iyalansu sukan taru a yi bikin ƙara mata ƙarfi. Shekara ɗari ana haka. Ni a ganina darajar wutar ba a sunanta take ba, tana ga waɗanda ba su gaji da zuwa ba.

Akwai wata kalma da kusan kowace uwargida ke riƙe abin da take nufi a hannu ba tare da ta sani ba. Alayyafon da ake yanka wa miyar taushe, sunansa a Turanci amaranth, kuma asalin kalmar a Girkanci tana nufin abin da ba ya yaushi. Wanda ya ga mai sayar da alayyafo da hantsi yana ta yayyafa masa ruwa don kada ya langaɓe zai yi mamaki. Amma ba ganyen aka duba ba, furen aka duba, wannan jan tukkun da ke fitowa a kai idan an bar shukar ta riƙa. Ko an cire shi an shanya, launinsa na nan. Sunan gaskiya ne, sai dai a kan ɓangare ɗaya na shukar.

Perennial ta manoma ce, daga kalmar Latin mai nufin shekara. Gero da masara da wake, shekara ɗaya suke yi, a girbe, su mutu. Gamba da zogale da dabino kuwa suna ƙetare rani su sake tohowa, su ne perennial. Haka a koguna: Kwara da Binuwai ba sa ƙafewa, gulbin Maraɗi kuwa sai da damina. Inda nake so a lura shi ne yadda 'yan jarida ke aron kalmar. Sai ka karanta perennial flooding, wato ambaliyar da ke dawowa duk shekara, a fassara maka ita da "matsalar da ba ta da ƙarshe". Ba haka kalmar ta ce ba. Ta ce abin yana dawowa, ba ta ce ba shi da magani ba. Tun 1982 Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don ta tare ruwan idan an sako shi, har yau ba a gina ta ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun biyo wannan hanya, sun ci gonaki da gidaje. Idan aka ce wa manomin Numan matsalarsa ba ta da ƙarshe, an sallami waɗanda ya kamata ya tuhuma.

Permanent mun saba da ita, mun ba ta "dindindin": katin zaɓe na dindindin, mazaunin jami'a na dindindin, kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'anarta mai sauƙi ce, abin da ba na wucin gadi ba. Babban sakataren ma'aikata, wanda Turawa ke kira da wannan kalma, an kira shi haka ne don yana nan ministoci na zuwa suna wucewa, amma shi ma ranar ritayarsa na zuwa. Ƙasashe biyar ɗin nan masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, dindindin ɗinsu a takarda aka rubuta shi a 1945, lokacin da yawancin Afirka ke hannun 'yan mulkin mallaka. Takardar kuwa an taɓa gyara ta: a 1965 an faɗaɗa kwamitin daga kujeru 11 zuwa 15. Tun 2005 ƙasashen Afirka suka haɗa baki suna neman kujeru biyu na dindindin. Abin da mutum ya rubuta, mutum na iya sake rubuta shi.

Perpetual kuma motsi take nufi, abin da ke ta tafiya ba tsayawa. Shekaru aru-aru masu ƙere-ƙere a Turai suna neman injin da zai juya kansa da kansa ba tare da an ba shi komai ba, har a 1775 cibiyar masana kimiyya ta Faransa ta sanar cewa ta daina duba irin waɗannan zane-zane. Dalilin ba boyayye ba ne: kowane inji yana asarar ƙarfi ta hanyar gogayya da zafi, kuma ba ya iya fitar da fiye da abin da aka zuba masa. Na kawo wannan ne saboda tallar da ke yawo a wayoyinmu ta "janareta mara mai". Idan da hasken rana yake aiki, to rana ce mansa. Idan batir ne, wani wuri aka caja shi. Idan kuwa an ce maka babu ko ɗaya, shi ke ciyar da kansa, riƙe kuɗinka.

Indelible ita ce abin da ba ya gogewa, kuma tushenta ɗaya da delete ɗin da matasa ke dannawa a waya. Iyaye mata sun fi kowa sanin ta. Ma'aikaciyar rigakafin shan inna ta shigo gida, ta ɗiga wa yaro maganin a baki, ta kama ɗan ƙaramin yatsansa na hagu ta goga masa alƙalami a kan farce. Da farko shuɗi-shuɗi ne, kafin yamma ya yi duhu. A wanke da sabulu, a dirje da soso, yana nan. Irin tawadar ce ake shafa wa mai zaɓe, wadda Indiya ta fara amfani da ita a babban zaɓenta na 1962. Akwai sinadarin azurfa a cikinta, wanda ke kama fata ya baƙanta idan haske ya taɓa shi. Ba ta gogewa, amma tana tafiya: fata ta saɓe, farce ya tsiro, a yanke shi, shi ke nan. Ashe rashin gogewa daban, dawwama daban.

Yanzu ga wadda na fi son mu zauna a kanta. Quench tsohuwar kalma ce, tana cikin Turanci tun fiye da shekara dubu. Aikinta kashe wuta, kuma da ita ake kashe ƙishirwa, daidai yadda mu ma muke amfani da "kashe" a wuraren biyu. 'Yan'uwanmu na kudu sun ɗauke ta cikin Turancin buroka, inda inji kan yi quench idan ya mutu a hanya, mutum ma haka. Tana da aiki na uku a maƙera. Maƙeri ya sa bakin gatari a wuta, yaro na ta zuga, har ƙarfen ya yi ja yana neman komawa ruwan ɗorawa. Ya kama shi da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera ya daddake, sannan ya tsoma shi cikin kaskon ruwa. Ka ji "cuuu", tururi ya tashi ya rufe masa fuska. Wannan tsomawar ita ma sunanta quench, kuma ita ke sa ƙarfen ya yi tauri ya riƙe kaifi. Sai a liƙa wa kalmar ɗafa-goshi mai korewa da ɗafa-ƙeya mai nuna iyawa, ta zama unquenchable: abin da ba a iya kashewa. Tana da tagwaiya daga Latin, inextinguishable, 'yar'uwar sunan jan tulun kashe gobarar nan da jami'an kiyaye haɗurra ke tambayar direbobi. Marubuta sukan yi yabo da ita, su ce wane yana da ƙishirwar ilimi da ba ta kasuwa. Idan zargi za su yi, sukan ɗauko insatiable, wanda ba ya ƙoshi, su jingina ta ga haɗama.

Shin akwai wutar da da gaske ba a iya kashewa? Akwai. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani gari, Centralia, wanda ke zaune a kan tsofaffin ramukan haƙar kwal. A watan Mayun 1962 wuta ta kama a bolar garin, ta bi ta wata kafa ta shiga ƙarƙashin ƙasa ta sami kwal. An zuba ruwa, an haƙa ramuka don a datse ta, an cusa yashi da toka, duk a banza. Ramukan da mahaƙa suka bari su ke kai mata iska, kuma duk inda ta ci, ƙasa ta rufta, ta tsage, wata sabuwar iskar ta shiga. Hayaƙi mai guba ya riƙa fitowa cikin gidaje. A 1981 ƙasa ta buɗe ƙarƙashin wani yaro ɗan shekara 12 a bayan gida, da ƙyar aka jawo shi. Daga ƙarshe majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 don a kwashe mutanen. Garin da ke da mutum sama da dubu ɗaya a 1980, a ƙidayar 2020 mutum biyar suka rage. A Jharia ta ƙasar Indiya irin wannan wuta na ci tun 1916, kuma a can talakawa dubbai ne ke kwana a kanta, don ba su da inda za su. A Ostareliya akwai dutsen Wingen, wanda masana suka ƙiyasta kwal ɗin cikinsa ya kai shekara 6,000 yana ci.

To ku kwatanta waɗannan da wutar da ke ci a yankin Neja Delta. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, kuma tun daga lokacin ake ƙona iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen man. Akwai ƙauyukan da yaransu suka girma ba su san duhun dare ba, ga rugugi ba dare ba rana, mata na shanya rogo a gefen harshen wutar don zafinta. Za ka ga an rubuta cewa wutar nan ba ta mutuwa. Ban yarda a ba ta wannan suna ba. Ta Centralia an yi ƙoƙari an kasa. Ta Neja Delta kuwa a bakin bututu take, kuma bututu yana da marufi. Wata doka ta 1979 ta sa watan Janairun 1984 a matsayin ranar da za a daina. An ɗaga, an sake ɗagawa, yanzu ana maganar 2030. Iskar da ake ƙonawa a banza ita ce wadda za ta iya ba da lantarki, ta kuma hutar da matan karkara daga hayaƙin itace. Wutar da aka ƙi kashewa ba ɗaya take da wadda aka kasa kashewa ba, kuma mai fassara da ya haɗa su ya yi wa mutanen Bayelsa rashin adalci.

A 'yan shekarun nan Turanci ya ƙara wata: forever chemicals, sinadaran har abada. Wani malamin jami'ar Harvard, Joseph Allen, ya yaɗa sunan a 2018. Dangin sinadarai ne dubbai da ake sa wa a kaskon suyar da abinci ba ya kamawa, da tufafin da ruwa ba ya ratsawa, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, har da kumfar kashe gobarar mai. Na farkon da ya yi suna, Teflon, an gano shi a 1938. Abin da ya sa masana'antu suka so su shi ne ba sa ruɓewa, ba sa narkewa, zafi ba ya rusa su. Wannan halin ne kuma ya sa idan sun shiga rijiya ko jinin mutum sukan daɗe ba su fita ba. A garin Parkersburg na Amurka mutane sun sha irin wannan ruwa shekaru, kuma a 2017 kamfanin DuPont da wani da ya fita daga jikinsa suka amince su biya kusan dala miliyan 671 ga dubban masu ƙara. Wannan suna aƙalla an ƙirƙire shi ne don gargaɗi.

Wanda zan ƙare da shi kuwa, don yabo aka raɗa masa suna, kuma yana rataye a kan da yawa daga cikinmu a daidai wannan lokaci da muke magana. Asbestos. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta daidai da unquenchable, wanda ba a kashewa. Da farko Girkawa ƙonanniyar farar ƙasa suke kira da ita, wadda idan ka zuba mata ruwa maimakon ta huce sai ta ɗau zafi tana tafasa. Daga baya sunan ya koma kan wani dutse mai ban mamaki, wanda ake tsefe shi ya ba da zare, a kaɗa, a saƙa, kuma wuta ba ta cin sa. An yi lagwanin fitila da shi a wuraren bautarsu, mai ya ƙare lagwani na nan. Marubucin Rumawa Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya ba da labarin ƙyallayen da ake jefawa cikin wuta su fito fes. A ƙarni na 13 Marco Polo ya gan shi a tafiyarsa ta gabas, ya gaya wa mutanen Turai cewa daga dutse ake haƙo shi, ba gashin wata dabba ba ne kamar yadda suke zato.

Da zamanin masana'antu ya zo, sai aka rungume shi hannu bibbiyu. An naɗe tukwanen jiragen ruwa da na ƙasa da shi, an sa shi a birkin mota, an cuɗa shi da siminti an yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa. Ga araha, ga ƙarko, ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa, ba ya ɗaukar zafi kamar kwanon ƙarfe. An raɗa wa garuruwa sunansa, ɗaya a Kanada, ɗaya a Rasha.

Tun 1898 wata mai duba masana'antu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta rahoto cewa ƙurarsa na cutar da ma'aikata. Ba a saurare ta ba. A garin Rochdale akwai wata mata, Nellie Kershaw, da ke kaɗa zaren asbestos a masaƙar Turner Brothers. Numfashinta ya riƙa sarƙewa har ta kasa aiki a 1922. Kamfanin ya ƙi biyan ta diyya. Ta rasu a watan Maris na 1924 tana da shekara 33, aka binne ta a kabarin da ko alama babu. Likitan da ya duba huhunta, William Cooke, ya same shi cike da tabo da ɓurɓushin dutsen, ya wallafa abin da ya gani, kuma daga nan cutar ta shiga littattafan likitanci. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, Christopher Wagner, ya nuna alaƙar dutsen da wata sankara mai kama fatar da ta lulluɓe huhu, har a jikin mutanen da ba su taɓa aiki a mahaƙar ba, kusa da ita kawai suka zauna. An sami matan aure da suka kamu ta hanyar kakkaɓe kayan aikin mazajensu kafin wanki.

Yadda abin ke faruwa shi ne, zaren yana tsagewa sili-sili har ya fi ƙarfin ido, ya yi ta yawo a iska. Idan an shaƙe shi ya sauka can ƙasan huhu, jiki ba ya iya narkar da shi, tari ba ya fito da shi duka. Takalmin kaza ke nan, mutu ka raba. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20, 30, wani lokaci har 50, lokacin da mutum ya manta ma ya taɓa yin aikin. Mai shan taba kuwa haɗarin sankarar huhu a gare shi ninkin-ba-ninkin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon shaƙarsa a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. A 2020 mutanen garin nan na Kanada suka kaɗa ƙuri'a suka sauya wa garinsu suna zuwa Val-des-Sources. Amma har yanzu ana haƙo shi a Rasha da Kazakistan da Sin, ana sayar wa ƙasashe masu tasowa.

A nan gida, makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata da barikokin da aka gina daga shekarun 1960 zuwa na 1980, da yawansu da shi aka yi musu rufi ko silin. Yanzu gine-ginen sun tsufa, ana ta gyara. Ku tsaya ku kalli yadda ake yi. Lebura ya hau tsani ba riga, ya sa guduma ya doki silin, allon ya fashe ya zubo. Farar ƙura ta turnuƙe ɗakin, ta kwanta masa a gira da gashin baki. Ya sauko ya kakkaɓe kai, ya fyace hanci, ya ɗauki tsintsiya ya share, ƙurar ta sake tashi. Tarkacen a jibge shi bayan aji. Yara su tsinci gutsattsarin su yi zane a ƙasa, wani ya kwasa ya cike ramin ƙofar gida, wata ta ɗauki mai faɗi ta rufe akurkin kaji. Babu wanda ya ji ciwo a ranar, shi ya sa babu wanda ya ji tsoro.

Saboda haka ina kira ga kafintoci da magina da leburori da shugabannin makarantu da masu gidajen haya. Ba kowane allon silin da ake kira asbestos a kasuwa ba ne yake ɗauke da shi, akwai sababbi da ake yi da wani zaren daban, amma ido ba ya bambancewa, don haka duk tsoho a ɗauka shi ne. Idan lafiyarsa lau, bai fashe ba, bai fara gari ba, a bar shi inda yake, a shafa masa fenti ya rufe fuskarsa, haɗarinsa kaɗan ne muddin ba a taɓa shi ba. Kada a sa masa zarto, kada a huda shi da inji, kada a goge shi da sanfefa. Idan cirewa ta zama dole, a fitar da yara da mata daga gidan, a jiƙa allon sharkaf da ruwa, a zare ƙusoshin a sauke shi ɗungurungum ba tare da an fasa ba. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare wannan ƙura, sai takunkumi na musamman mai matata, kuma mai ba da kwangila ne ya kamata ya saya wa ma'aikatansa. Kada a yi shara a bushe, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tarkacen da tsumman a ƙulle su cikin leda mai kauri, riɓi biyu, a tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta jiha kan inda za a binne. Kayan da aka yi aikin da su kuma kada a kai su gida a miƙa wa uwargida ta wanke.

Wanda ya san ya yi shekaru yana irin wannan aiki, yanzu kuma yana fama da tarin da ya ƙi jin magani ko numfashinsa na gazawa idan ya ɗan yi tafiya, ya je asibiti, kuma ya buɗe baki ya gaya wa likita irin aikin da ya yi, ko da shekara talatin ke nan da barinsa.